Yawun da Nake Bin Dogara

Dogara mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin layinmu a unguwar Borokiri ta Fatakwal, cokali ɗaya na yawu nake bin sa. Na bakinsa, ba na wani ba. Shi ya sani, matarsa Martina ta sani, duk layin an sani.

Jikata Na'ima ce ta jawo maganar. 'Yar marigayi Musaddiq ce, ɗana na fari, wanda ya yi sana'ar albasa a Onitsha har Allah ya karɓi abinsa. A hannuna ta tashi. Ta yi digiri ɗaya, ta yi na biyu, yanzu tana Enugu tana na uku, wanda in an gama ake ce wa mutum dakta amma ko maganin ciwon kai ba ya bayarwa. Na sha tambayarta me take yi a can, tana ta zuba min Turanci, har ranar da na ce mata ko ta faɗa da Hausa ko ta tashi ta ba ni wuri.

Ta ce, "Iya, a ce an yi ɓarna a ɗaki, 'yan sanda suka zo suka ga tabo a jikin zane. Ta ina za su san jini ne ko manja? Ta ina za su san yawun mutum ne ko ruwa?"

Na ce, "Su shinshina."

Ta ce, "Alƙali ba ya karɓar shaidar hanci, Iya."

Sai ta ciro wani abu daga jaka, bai wuce kwalin ashana biyu ba. Ita ta haɗa shi da hannunta. Akwai wasu 'yan takardu sirara da ake dangwala wa tabon, a zura a ciki. In jinin mutum ne, ja ya kama. In yawun mutum ne, kore ya kama. In ba ko ɗaya, na'urar ta yi shiru abinta. Ɓangaren jini ta gama, da jinin da asibiti ya ba ta. Saura na yawu.

Nan matsalar take. Manyan malamanta sun ce sun ga na'urar tana aiki a yawun ɗalibai, masu goge baki safe da yamma. To mai cin goro fa? Mai cin taba fa? In ɗan sanda ya tsinci tabo a tasha ko a kasuwa, ai ba bakin ɗalibi zai tarar ba. Suka ce ta kawo shaida kafin zaman da za su yi a kanta bayan Babbar Sallah. In ba ta kawo ba, masu ɗaukar nauyin karatun za su janye hannu, kuma sun riga sun ɗaga mata ƙafa sau ɗaya. Ke nan ta tattaro kayanta ta dawo min Borokiri, shekarun da ta yi a Enugu sun tafi a iska.

Ta zo Fatakwal da jaka cike da ƙananan kwalabe. Ta shiga Kasuwar Creek Road da kanta, tana bin mutanenmu rumfa rumfa, tana bayani mai daɗi. Da yamma ta dawo da kwalaben nan wayam, yadda ta fita da su.

Ban yi mamaki ba. Mutumin da in ya yi aski sai ya tattara gashin ya binne, in ya tofar a hanya sai ya murje da takalmi, don kada wani ya kwasa ya kai wa boka, shi za ki miƙa wa kwalba ki ce ya cika miki?

Na ce, "Ba ni nan."

Ta ce, "Iya, ba a tilasta wa kowa fa. Dokar aikinmu ce, sai wanda ya yarda."

Na ce, "Wa ya yi maganar tilas? Gaisuwa zan je."

Ni ba na bin kowa kuɗi a layin nan. Kuɗi ana biya a manta. Isma'ila mai albasa, ni na shiga na fita har aka ba shi matar da yake taƙama da ita. Malam Yunus limaminmu, da ruwa ya ci ɗakinsa, a shagona ya ajiye littattafansa har damina ta wuce. Linda, wadda ke aikin jinya, 'ya'yanta duk a bayana suka yi wayo. Shi kuwa Dogara, daga wajen Kafanchan ya sauko da leda ɗaya a hannu, bai san kowa ba, a zaurena ya kwana har ya samu ɗaki. Da Martina ta zo haihuwar fari cikin ruwan sama, babu keke babu okada, a hannuna yaron ya faɗo. Ban taɓa tuna wa kowa ba. Ajiyewa na yi.

Na bi su gida gida. Na gaishe su da kyau, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na ajiye kwalba, na yi shiru. Babu wanda ya ce a'a. Mazan dai suka ce ba za su tofa a gaban 'ya mace ba, da kunya, a bar su su yi a ɗaki. Na'ima ta ga maganar da ma'ana, ta yarda. Washegari kwalabe suka dawo a cike, wasu har da saƙon fatan alheri. Ta jera su a kula da ƙanƙara, ta hau mota sai Enugu.

Sallah ta matso sai ga wayarta. Muryar ba ta yi min ba.

"Kin ci abinci?"

"Iya, rabi ya kama, rabi bai kama ba."

Ashe tun da ta koma take fama. Ta ɗauka na'urar ce ta lalace. Ta kwance ta, ta sake haɗawa, ta sake sabbin takardu, duk ɗaya. Har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa malaminta cewa aikin bai yi ba. Daga baya ta ce bari ta daina tuhumar na'ura ta tuhumi kwalba. Ta ɗiga abin a ƙarƙashin madubin nan nasu mai nuna ƙananan abubuwa. Ba ta ga alamar bakin mutum ba. Ganye ta gani.

"Karkashi ne, Iya. Wasu kuma kuɓewa."

Na yi dariya har na ƙware, sannan na daina. Na ce ta faɗa min na su wa. Ta ce ba ta rubuta suna ba, lamba ce kawai, kuma ko ta sani ba za ta faɗa ba. Ban matsa ba. Ni na raba kwalaben, na san wanda ya kasa kallon idona ranar da ya dawo da tasa. Abu ɗaya dai ya kuɓuce mata a baki: akwai wata kwalba da mai ita ya yi wahalar jiƙa taba a cikin karkashin don launi ya fito. Mai cin taba ɗaya ne ya rage a layinmu, Dogara. Sauran sun mutu ko sun koma gida.

Na ce, "Taho. Ki taho da kwalin ashanar taki."

Ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin masu coci sun dawo sun huta, na aika a kira min kowa, na ce akwai walima. Suka cika tsakar gida. Na sa aka fito da tuwo, aka buɗe tukunyar miya. Karkashi na kaɗa, mai yauƙi sosai, irin wanda in ka ɗaga cokali yake bin ka har sama.

Isma'ila ya riga ya wanke hannu. Ya dubi miya, ya dube ni, ya mayar da hannun cikin aljihu.

Na ce, "Ku ci mana. Na ji labari kuna son ta."

Linda ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Ita nata na gaske ta bayar. Ta ce, "Ku ji manyan maza! Ni da nake mace na tofa, ku kuka shiga kicin!"

Na'ima ta dangwali miyar da takardarta, ta zura a na'ura a gaban kowa. Shiru. Ta miƙo min ƙaramar kwalba, na tofa, ta dangwala da sabuwar takarda. Kafin in gyara ɗankwali kore ya kama.

Malam Yunus ya yi gyaran murya. Ya ce, "Hajiya Mero, mun yi laifi, ni ma ina ciki. Amma ba ƙin yarinya muka yi ba. Kwalba in ta bar hannunka ba ka san inda za ta kwana ba. Ita mun yarda da ita. Wanda zai share ɗakin gwajin bayan ta tashi fa?"

Na buɗe baki zan tuna masa littattafansa, Na'ima ta riga ni.

Ta ce, "Malam, gaskiyarku. To kada kwalba ta je ko'ina. Dama don a yi aiki da ita a waje aka yi na'urar. A nan za a gwada, ku gani da idonku, in rubuta abin da ta nuna ba tare da suna ba. Takardar da sauran yawun, kowa ya ɗauki nasa ya zuba a murhun Iya da hannunsa. Wanda bai so ba kuma, wallahi ba komai."

Malam ya ja gemu. Ya ce, "In haka ne, in mutum ya yi bismilla ya tofa, ai tofi ya yi wa karatun yarinya."

Shi ya fara. Aka rataye tabarma a igiyar shanya don masu kunya. Mutum ya shiga baya, mu ji bismilla, ya fito yana ɓoye kwalba a hannun riga. Masu zuwa coci suka yi tasu addu'ar. Kore ya yi ta kamawa. Na masu goro, wanda ya yi ja kamar an yanka kaza, shi ma ya kama. Isma'ila ya ce nasa ya fi na Malam haske, Malam ya ce ai bakin da ke rantsuwa a kan ruɓaɓɓiyar albasa dole ya yi ƙarfi. Kowa ya kai takardarsa wuta, ya tsaya har ta cinye. Bayan nan suka cinye min tuwo tas, har da karkashin.

Dogara yana tsugune a bakin ƙofa, bai ci ba, bai tashi ba.

Na ce, "Saura kai."

Ya ce, "Mama, abeg."

"Ga wuta nan. Kai za ka ƙona da hannunka."

"Na gani, Mama. Ki nemi wani abu. Nama, kaza, ko rago kika ce zan nemo."

"Nama na ce maka?"

Sai ya ba da labarin yayansa Abednego. Sun yi rigimar iyakar gona da wani a ƙauyensu, Abednego ya tofar a gaban mutumin ya juya. Dogara ya ce da idonsa ya ga mutumin ya sunkuya ya damƙi ƙasar wurin. Kafin girbi bakin Abednego ya kumbura, ya ɓarke, ya kasa haɗiye ko kunu. Ya ce a asibiti sun ce ciwon daji ne, amma su ba su ga hannun da ya damƙi ƙasa ba. A gaban gawar ya yi wa uwarsu alkawari ba wanda zai sake taɓa yawun ɗan gidansu.

Na'ima ta ce, "Baba Dogara, shi ma yana cin taba?"

"Duk gidanmu muna ci."

Can ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Ba komai, Baba. Amma wata rana ka bar Anti Linda ta duba maka baki."

Na ce, "Dogara, zauren nan da kake tsugune a bakinsa, ka gane shi?"

Ya ce, "Ban manta ba, Mama." Ya tashi ya fita.

Da aka watse na tambaye ta ko abin da aka samu ya isa. Ta ce na goro ya isa har ya yi yawa. Amma malaman sun ambaci taba da bakinsu, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ya kawo maganar. In ta je babu, za ta faɗi gaskiya cewa ba ta samu ba, sai yadda suka yi da ita.

Ni na san Dogara ba ya tofarwa a ƙasa. Yana da gwangwanin madara mai yashi a ciki, a gindin tukuba yake ajiye shi, in ya tashi ya tafi da shi gida. Washegari da hantsi na je wucewa. Yana can ya juya baya yana yankan nama, yana faɗa da mai kawo masa itace. Na sunkuya kamar mai gyara takalmi, na rufa wa gwangwanin mayafi, na dawo.

Na dire mata a gaba. Na ce, "Ga shi, har da ƙari."

Ta leƙa, ta ja baya. "Shi ya ba ki?"

"Ina bin sa."

"Ke kike bin sa, Iya. Ni ba na bin sa komai."

"Wa zai sani? Lamba ce ba suna ba, ke kika faɗa."

Ta ce, "Mutum ya zauna a gabanmu jiya ya gaya mana abin da yake tsoro, a kwashi yawunsa a bayan idonsa. Yau mun kwasa. Mu ne mutumin gonar ke nan."

Na ce mata shekarunta na Enugu ne a cikin gwangwanin nan. Ta ce ta sani. Na ce in suka kore ta, Dogara ba zai biya mata ko kuɗin mota ba. Ta ce ta sani. Taurin kan nan na ubanta ne, shi ma haka ya yi ta asarar ciniki a Onitsha don ba zai cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu ba. Ta ci gaba da naɗe kayanta, ko kallon gwangwanin ba ta sake yi ba.

Na zauna na dube shi ni kaɗai. Can na ce, "Tsaya. Bakin Dogara suke so, ko tabar?"

"Yawun da ya gauraya da taba. Na wanda ya yarda."

Na ɗauki gwangwani na koma bakin layi. Na tarar da Dogara ya bar nama a wuta yana ƙonewa, ya durƙusa yana laluben ƙarƙashin benci, zufa ta jiƙa masa riga. Na ajiye gwangwanin inda na ɗauke shi. Ya dube shi, ya dube ni.

Na ce, "Ba a taɓa ba. Yarinyar ta ƙi."

Ya zauna daɓas a ƙasa.

Na ce, "Ba ni taba."

"Mama?"

"Kurma ne kai? Ba ni taba, ka nuna min yadda ake yi."

Ya ciro battarsa, ya ɗebo min kaɗan, ya ce a tsakanin leɓe da dasashi ake sawa, kada in haɗiye, kada in yi sauri. Ni da na kai wannan shekaru goro kaɗai na sani. Na sa a nan gabansa, na kamo hanyar gida. Kafin in kai ƙofa layin ya fara juyawa, gidajen suna bin juna. Na dafa bango na shiga.

Na'ima ta ga bakina ta yi salati. "Iya! Da hawan jininki?"

Na yi mata nuni da hannu ta kawo kwalba. Na tofa. Na ce, "Na yarda. Rubuta."

Tana faɗa tana dangwalawa. Ni dai ina kwance a tabarma, rufin ɗaki yana zagaye ni, na ji ta yi shiru. Na ce, "Na'urar ta mutu ne?" Ta kawo min na'urar daidai fuskata. Kore ne. Bayan nan na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito, na wuni ban ɗaga kai ba. Linda ta zo ta auna ni, ta zazzage ni tas kamar ba ni na goya mata 'ya'ya ba.

Labari ya kai kasuwa cewa tsohuwa ta ci taba saboda jikarta. Kafin yamma sai ga Isma'ila da wasu 'yan rumfarsu, sun biya ta wajen Dogara sun karɓo taba. Suka tofa, kore ya kama, suka jeru a zaurena suna nishi kamar masu naƙuda.

Ta koma Enugu. Bayan Sallah suka zauna a kanta. Ta gaya musu yadda aka yi duka, har da karkashin, ta ce musu kuma masu tabar nata duk sababbin shiga ne, ba ta samu wanda ya daɗe yana ci ba. Mai tsananin ya ce ta nemo irin waɗannan kafin ta rufe littafin, ko a tashar mota ne. Amma sun sa hannu, masu ɗaukar nauyi ba su janye ba. Labarin karkashin ma cewa suka yi ta saka a ciki, wai ya nuna na'urar ba ta ruɗuwa. Tana can tana ƙarasawa.

Dogara ya je wajen Linda ta duba masa baki, ta ce ya rage taba, bai rage ba. Duk Juma'a yana aiko min da tsire a takarda, mai yawan ƙuli yadda nake so. Ina ci. Jiya da na wuce ta gabansa ya rusuna ya gaishe ni, ya tura gwangwaninsa bayan ƙafa.

Ya ce, "Mama, yanzu dai mun rabu lafiya ko?"

Na ce, "Tsire nake ci, ba yawu ba. Cokali ɗaya yana nan. Ga kuma wuni guda na jiri da ya hau kai."

Ya ce, "Allah ya ba ki tsawon rai, Mama."

Na ce amin, ina bukata.